Bel ɗin mota: Abin da ke gyaruwa da abin da sai dai a sauya

Duk wanda ya saba bin hanyar Kano zuwa Katsina ta Dawanau da Bichi da Tsanyawa, ko wadda ta nufi Daura ta Ɗambatta, ya san irin taka birkin da ake yi a kanta. Yankin arewacin Kano yana cikin karkarar da ta fi cikar jama'a a Afirka ta Yamma, har masana irin su Michael Mortimore na Jami'ar Ahmadu Bello suka yi ta nazarinsa tun shekarun 1960. Gona tana haɗe da gona, ƙauye yana hango ƙauye, shuka kuma takan zo har bakin kwalta. Saboda haka a kowane lokaci akuya, ko amalanken shanu, ko mai babur ɗauke da buhu, ko yaro ɗan makaranta, na iya faɗowa titi. Ɗan kasuwar da ke zuwa sayen hatsi da ma'aikacin da ke sammako zuwa sakatariyar ƙaramar hukuma duk a wannan hali suke tuƙi.

A irin wannan hanya bel ɗin kujera na iya raba mutum da mummunan rauni. Amma motoci da yawa bel ɗinsu ya lalace: wani ya saki ba ya komawa, wani ya maƙale, wani makullinsa ba ya kamawa. Matsalolin kashi biyu ne. Akwai waɗanda datti ko murɗewa ke jawowa, su kam mai mota ma zai iya magance su a gida. Akwai kuma waɗanda suka taɓa ƙarfin bel ɗin kansa, waɗanda ba su da magani sai sauyi. Sanin iyakar da ke tsakanin biyun shi ne ginshiƙin wannan bayani.

Asalinsa da matsayinsa a doka

Bel mai maɗauri uku, wanda ke ratsa ƙirji ya kuma kewaye ƙugu, wani injiniya ɗan ƙasar Suwidin mai suna Nils Bohlin ne ya ƙirƙiro shi, kamfanin Volvo ya fara sa shi a motocinsa a 1959, sannan ya bar wa sauran kamfanoni damar yin amfani da fasahar. Jihar Victoria ta ƙasar Ostireliya ce ta fara wajabta ɗaura shi a 1970, Birtaniya kuma ta wajabta wa masu zama a gaba a 1983.

A Najeriya, Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wato FRSC, wadda aka kafa a 1988, ta fara tilasta ɗaura bel daga ranar 1 ga Janairun 2003. Rashin ɗaura shi laifi ne mai tara a jadawalin hukumar, kuma cewa ya lalace ba ya wanke direba, domin kula da lafiyar mota haƙƙi ne a kan mai ita.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum kusan miliyan 1.19 ke mutuwa duk shekara a haɗurran hanya, kuma ɗaura bel yana rage yiwuwar mutuwar wanda ke cikin mota da abin da ya kai rabi. Dalilin a fili yake. Idan mota tana gudun kilomita 50 a awa ta daki abu ta tsaya cak, jikin da ba a ɗaure ba zai ci gaba da tafiya da wannan gudu har ya haɗu da sitiyari ko gilashi. Ƙarfin bugun daidai yake da faɗowa daga tsayin mita 10. A gudun kilomita 100 kuwa, kamar faɗowa ne daga kusan mita 40. Babu damtsen da zai iya tokare wannan.

Sassan bel da aikin kowanne

Kafin a taɓa shi, ya kamata a san abin da ya ƙunsa.

Na farko shi ne ƙyallen, wanda aka saƙa da zaren roba mai ƙarfi, faɗinsa bai cika santimita biyar ba. Ƙa'idar ƙera shi ta tanadi ya iya jure jan da ya kai nauyin tan ɗaya da rabi. An kuma saƙa shi yadda zai ɗan miƙe lokacin karo, don ya sassauta bugun da ƙirji zai sha.

Na biyu shi ne akwatin naɗi, wanda ke ɓoye a ƙasan ginshiƙin da ke tsakanin ƙofar gaba da ta baya. A cikinsa akwai ƙwarƙwaron da ƙyallen ke naɗuwa a kai, da sifirin mai kama da na agogo wanda ke mayar da shi. Akwai kuma hanyoyi biyu na kullewa. Ɗaya tana jin motsin mota: wani ɗan ƙwallon ƙarfe ne zaune a cikin gurbi, da an taka birki da ƙarfi ko mota ta karkata sai ya gusa ya ɗaga wani haƙori ya riƙe ƙwarƙwaron. Ɗayar tana jin saurin jan ƙyallen: da an fizge shi sai ta kulle.

Na uku shi ne harshen ƙarfe da makullin da yake shiga a gefen kujera. Na huɗu zoben da ke saman ginshiƙi daidai kafaɗa, wanda ƙyallen ke zamewa ta cikinsa. Na biyar notunan da suka ɗaure duk waɗannan a jikin mota, waɗanda ƙarfensu na musamman ne.

Motocin da aka ƙera daga shekarun 1990 zuwa yau galibinsu suna da ƙarin abu na shida: wata 'yar na'ura mai ɗauke da sinadari mai fashewa, wadda ke fizgo bel ɗin ta matse mutum a kujera cikin ƙiftawar ido idan an yi karo. Kwamfutar da ke sarrafa jakar iska ita ke sarrafa ta, kuma sau ɗaya tak take aiki.

Abin da ke lalata shi a yankinmu

Babban abokin gabar bel a ƙasar Kano ƙura ce. Da hunturu ya kama, ko aka sauka daga kwalta aka bi burji zuwa ƙauyukan Kunchi ko Makoɗa ko Bagwai, ƙura takan shiga saƙar ƙyallen, ta haɗu da gumi da maiƙon jiki, ƙyallen ya yi tauri ya yi kauri. Sifirin ɗin da aka yi don ya ja ƙyalle mai laushi sai ya gaza. Daga nan bel ya riƙa reto, ƙofa ta riƙa datse shi, gefensa ya fara zarewa. Da haka ƙaramar matsala take zama babba.

Zafin rana ma yana cin zaren a hankali, musamman a motar da ke wuni a fili a bazara. Ruwan batir da fetur da takin zamani da maganin feshi, waɗanda akan ɗora a kujerar baya a kai gona, suna raunana shi ko da ido bai gani ba. Makulli kuwa ma'ajiya ce ta ɓawon gyaɗa da aya da yashi da ɗigon lemo.

Sai kuma tarihin motar. Mafi yawan motocin da ke hannun jama'a na hannu ne, waɗanda aka shigo da su daga Turai ko Amurka, wasu bayan sun yi haɗari a can. Akan gyara jiki a yi fenti, a bar bel ɗin da ya riga ya sha karo. A motocin haya irin su Golf da Sharan, inda akan cusa fasinja biyu a gaba, makullin yakan nutse ƙarƙashin kujera, na baya kuma mai ɗinkin kujera ya rufe su da sabuwar riga, wani lokaci ma a yanke su.

Yadda ake gwada lafiyarsa

Gwajin ba ya cin minti biyar, kuma ya kamata a yi wa kowace kujera.

A tsayar da mota a wuri mai daidai, a jawo bel a hankali har ƙarshensa. A bi shi da ido da yatsu ciki da waje, ana neman yanka, ko zarewar gefe, ko ƙuna, ko wurin da ya yi sheƙi ya ƙandare kamar an goga masa dutsen guga. A duba ɗinkin da ke ƙarshensa. Sai a sake shi, a ga ko zai koma da kansa. Bayan haka a fizge shi da sauri: lafiyayye zai kulle nan take. A sa harshen a makulli, a saurari ƙarar kamawarsa, a ja da ƙarfi ana girgizawa. Bai kamata ya fita ba sai an danna maɓalli. A ƙarshe, a fili marar jama'a, ana tafiya a hankali ƙwarai, a taka birki da ƙarfi: ya kamata a ji bel ya riƙe ƙirji.

A lura da fitilar jakar iska da ke gaban direba. Idan aka murɗa makullin mota takan kama na 'yan daƙiƙoƙi sannan ta mutu. In ta zauna a kunne, akwai matsala. In kuma ba ta kamawa sam, mai yiwuwa an cire ƙwanta ne don a ɓoye matsalar, abin da mai sayen mota ya kamata ya sa wa ido.

Matsalolin da ke gyaruwa

*Bel ba ya komawa, ko yana komawa da ƙyar.* Galibi datti ne. A jawo shi duka, a maƙale shi da abin shanya ko wani matsi a bakin zobe don kada ya koma. A jiƙa shi a bokitin ruwa mai ɗumi da sabulu marar ƙarfi, a goge da burushi mai laushi, a ɗauraye. A bar shi a miƙe ya bushe sarai a inuwa kafin a sake shi, domin in ya naɗu da danshi zai yi fumfuna, ya kuma sa wa akwatin tsatsa. Kada a yi amfani da fetur ko kananzir ko sinadarin cire tabo mai sa tufa fari. Duk suna kashe zare. A kankare dattin da ya daskare a cikin zoben kafaɗa, wanda sau da yawa shi ne ke riƙe ƙyallen. Wankin nan yana da wata fa'ida: mutane da yawa suna guje wa bel ne don kada ya ɓata musu farar shadda, wankakke kuwa ba ya barin tabo.

*Ya murɗe ko ya ninke a zobe.* A jawo shi da tsawo, a ninka shi a tsaye daidai wurin murɗin, a zura ninkin ta cikin zoben ko ramin harshen har ya juyo. Murɗaɗɗen bel yana tattara ƙarfin karo a siririn wuri, ya yanki jiki maimakon ya kare shi.

*Ya kulle ya ƙi fitowa.* A fara duba inda motar take. In tana kan gangara ko ƙafa ɗaya ta faɗa kwata, ƙwallon nan ne ya gusa, kuma wannan ba lalacewa ba ce. A daidaita motar, a mayar da bel ɗin ciki kaɗan, sannan a jawo a hankali. In ya ƙi, bakanike zai iya cire murfin ginshiƙi ya duba ko ƙyallen ya harɗe ko wani abu ya faɗa ciki. Sau da yawa kuma bayan aikin mai gyaran jiki ne matsalar ke ɓullowa, saboda an mayar da akwatin a karkace. Kowane akwati da kusurwar da aka yi shi ya zauna. In an saɓa, ko ya riƙa kullewa ba dalili, ko ya ƙi kullewa ranar da ake bukata.

*Makulli ba ya kamawa.* A leƙa ciki da tocila, a zaro abin da ya faɗa da ɗan tsinke, a hura masa iska, ko da a wurin mai faci ne. Kada a ɗura baƙin mai ko giris, domin ƙura za su tara su mayar da ita laka. In an tsabtace shi bai kama da kyau ba, ko yana saki da kansa, kwanansa ya ƙare.

Matsalolin da sai sauyi

Kanikawanmu sun shahara wajen tayar da abin da wasu ƙasashe za su zubar, kuma wannan baiwa ce da ta riƙe motoci da yawa a kan hanya. Amma bel yana cikin 'yan abubuwan da dabara ba ta yi musu amfani, domin ba a sanin ingancin gyaransa sai ranar da ba a samun damar sakewa.

Ƙyallen da ya yanke, ko da kaɗan ne daga gefe, ya rasa kaso mai yawa na ƙarfinsa, kuma daga wurin yankan zai yage. Ƙulla shi ba gyara ba ne, domin ƙulli yana rage ƙarfin kowace igiya. Kai shi wurin tela ko baduku ma haka: ɗinkin masana'anta da zare na musamman da tsari na musamman ake yin sa, ana kuma gwada shi da injin ja, abin da keken ɗinki ba zai maye gurbinsa ba. Bel ɗin da aka ɗinka ya fi wanda babu haɗari ta wata fuska, tunda yana sa mutum ya saki jiki alhali ba abin da ke riƙe da shi.

Duk bel ɗin da ke jikin mutum lokacin da aka yi karo mai ƙarfi ya gama aikinsa, ko da ya yi kyau a ido, saboda zarensa ya riga ya miƙe. Wanda na'urar matsewarsa ta fashe yakan ƙandare ya ƙi motsi, ko a ga sandar makullin ta gajarce. Wasu sukan buɗe shi su saki ƙwarƙwaron, su sa wata 'yar waya da za ta ruɗi kwamfuta fitila ta mutu. Wannan rufe ido ne kawai, kariyar ba ta dawo ba.

Haka nan akwatin da ba ya kullewa idan an fizga, da wanda sifirinsa ya karye, da na motar da ta nutse a ruwa. Kada a buɗe murfin sifirin: a matse yake, yana iya tsalle ya ji wa mutum a ido, kuma ba ya komawa yadda yake. In wurin da noti ke kamawa a jikin mota ya yi tsatsa ko ya tsage, aikin ƙwararren mai gyaran jiki ne. Ba a yi wa harshe ko makulli walda, ba a kuma ɗaure bel da waya ko da notin da aka tsinta a kwandon gareji.

Sayen wani da ɗaura shi

Sabo daga dillalin kamfani shi ya fi, sai dai tsada da wahalar samu sukan tura mutane kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano, inda kanikawan Bichi da Ɗambatta da Kazaure ma suke sayo kayan gyara. Wanda zai sayi na hannu ya je da tsohon, ya kuma san samfurin motarsa da shekararta. Na dama daban, na hagu daban, na gaba daban, na baya daban. A sayi akwati da harshe da makulli na mota iri ɗaya, domin harshen wata mota yana iya shiga makullin wata ya yi ƙara, amma bai kama yadda ya kamata ba. A duba 'yar takardar da ke ɗinke a ƙasan bel, mai ɗauke da sunan masana'anta da lambobinsa. A riƙe akwatin a tsaye yadda yake zama a mota, a ja a hankali, a fizga, a karkata shi a ga ya kulle. A guji wanda ke da alamar laka ko tsatsa ko sabon ɗinki. Araha ba ta ado, balle a abin da rai ya rataya a kansa.

Wajen ɗaurawa, in bel ɗin mai waya ne, wadda galibi kan zo da soket mai launin rawaya, a kashe mota, a cire kan batir, a jira 'yan mintuna kafin a taɓa ta. Kada mai wayarin ya gwada ta da wutar batir ko fitilar gwaji, kada kuma a kusanto da wutar walda, domin tana iya tashi a hannu. A mayar da notunan asali da wosharsu, a ɗaure su tamau, a tabbatar ƙyallen bai murɗe a bayan murfi ba. Bayan an gama a maimaita gwajin da aka bayyana a sama, mai motar yana tsaye. In fitilar jakar iska ba ta mutu ba, a kai wa mai na'urar binciken kwamfutar mota.

Bayan gyara, sai ɗaurawa daidai

Lafiyayyen bel ma ba ya amfani in an saɓa yadda ake sa shi. Na ƙasa ya kwanta a kan ƙashin ƙugu, kada ya hau ciki. Na sama ya bi tsakiyar kafaɗa da ƙirji, kada ya bi wuya ko ƙarƙashin hammata. Mai babbar riga ya tattara ta ya ja bel ɗin ya kwanta a jiki. Mace mai juna biyu ta sa na ƙasa a ƙarƙashin cikin, na sama kuma ya bi ta gefensa. Kujerar da aka kwantar da ita baya sosai tana sa mutum ya zame ta ƙarƙashin bel.

Mutum biyu ba sa raba bel ɗaya. Yara 'yan ƙasa da shekara 12 wurinsu kujerar baya, ƙanana kuma a kujerar yara, domin uwa ba za ta iya riƙe jaririn da ke cinyarta ba idan an yi karo. Wanda ke baya bai ɗaura ba, jikinsa ne zai daki na gabansa.

Akwai kuma al'adar rataya bel a kafaɗa idan an hango jami'an hanya, ko kulle shi ta bayan kujera don ƙarar gargaɗi ta yi shiru. Mai yin haka ya tsira daga tara, amma bai tsira daga gilashi ba, kuma jakar iska da kanta tana iya raunata wanda bai ɗaura ba, tunda an tsara ta ne ta tari mutumin da bel ya riga ya riƙe.

Masu motocin gida za su iya haɗa duba bel da lokacin juyen mai, a kuma wanke shi bayan wucewar hunturu. Shugabannin tasha da masu motocin haya su ma suna da abin yi: fito da makullan da suka nutse a ƙarƙashin kujeru aikin rabin awa ne. Kuɗin sauya bel ɗaya bai kama ƙafar abin da iyali ke kashewa a jinyar karaya a asibitin ƙashi na Dala ba, ban da watannin da shago zai yi a rufe ko ofis ya yi babu mai shi. In kunne ya ji, jiki ya tsira.